Sakatar Mai Kambi

"Kashe mota! Kashe, na ce!"

Direban bai kashe ba. Ya ga kututturen da aka gitta a kan burji, ya ga mutum uku sun ɓullo daga cikin gero, fuskoki naɗe da rawani, sai ya jefa giyar baya. Zailani ya ɗaga 'yar bindigarsa ta hannu—tau! Gilashin gaba ya tarwatse. Motar ta ja da baya, ta faɗa rami, ta mutu.

Lahadi ce, bayan la'asar, tsakiyar damina. An watse daga kasuwar Mai'aduwa, Alhaji Nu'uman, wani dillalin shanu mutumin Sandamu, ya bi ta yanke don ya kauce wa cunkoson Daura.

"Alhaji, fito! A hankali!"

"Ku ji tsoron Allah, bayin Allah—"

"Muna ji. Jakar!"

Zailani shi ne oga. A damansa Anwar ne tsaye, riƙe da doguwar bindiga mak-fo, ya naɗe tsakiyarta da tsumma saboda yashi. Shekara tara wannan gefen dama na Kalilu ne. Yau Kalilu yana can baya, taku ashirin, da tasa tsohuwar mak-fo, yana gadin hanya.

"Gwanjo, ido a kan titi!" Zailani ya daka masa tsawa ba tare da ya waiwaya ba.

Gwanjo. Har a gaban baƙo.

Alhaji ya miƙa jakar, ya rarrafa wajen direbansa. "Yelwa! Yelwa, yi magana mana!" Yelwa yana dafe da wuya, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa.

Daga kudu aka jiyo ƙarar babura. 'Yan sintiri ne.

"A ware!"

Suka faɗa cikin gero. Zailani a gaba, Anwar a bayansa, Kalilu a ƙarshe. Babu wanda ya ture shi, ba kuma santsi ya ɗauke shi ba. Ya tsaya, ya durƙusa, ya kwantar da bindigarsa a bakin gona inda duk mai ido zai gan ta. Ya shafa laka a gwiwa, ya bi su da gudu.

A gindin tsamiyar da suka ɓoye baburansu Zailani ya dube shi.

"Ina bindigar?"

"Ta kuɓuce, Oga. Na zame—"

Tas! Marin ya kwance masa rawani.

"Oga, ƙyale shi," in ji Anwar. "Babu lamba a jikinta, da hannuna na goge. Ba za ta kai su ko'ina ba."

Wato Anwar ne ma yake roƙa masa. Wannan ya fi marin zafi.

Suka yi gudun rabin awa ta hanyar shanu, suka isa wata tsohuwar gona a hanyar Dutsi, wadda Anwar ya nuna musu ya ce mai ita ya daɗe da barinta. Suka cusa jakar da doguwar bindigar cikin rumbu.

"Laraba da azahar, a nan," in ji Zailani. "Anwar, hau bayana, Kongolam, can bakin iyaka, za mu kwana biyu. Kai kuma, Gwanjo, ka tafi Daura ka wanke gwiwa."

*

Lungu ɗaya ya haifi Kalilu da Zailani a Daura. Tare suka yi tallan fetur a kwalba, tare suka saci babur ɗinsu na farko. A damtsen Kalilu akwai tabon wuƙa mai tsawon ɗan yatsa. Zailani aka kai wa sukar, shi ya tare. In Zailani ya sayi tsire, Kalilu yake fara miƙa wa. In ana shawara, "Kalilu, me ka gani?"

Wata biyu kafin wannan Lahadin, Anwar ya shigo. Ɗan maƙeri ne daga Dutsi, ubansa yana gyara wa mafarauta bindigogi. Ba shi da tabo ko ɗaya. Amma ya zo da abu a cikin tabarma.

Da ya warware tabarmar, Zailani ya matso kusa. Mak-fo ce irin ta sojan da, katakonta yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu.

"Ta kakana ce," in ji Anwar. "Dubi nan, Oga. Ka ga kambi? Ga kibiya a gefensa. Ingila aka ƙera ta. Kowane ƙarfe a jikinta yana da tambarin gidan da ya ƙera shi. Dubi bututu—kambi. Dubi sakata—kambi." Ya ja ƙarfen da ake ja baya a tura gaba don ɗura harsashi, ya shige sulɓ, ba ƙara. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da ta fito daga masana'anta ba a sake mata ko ƙusa ba."

"Mai Kambi ke nan," in ji Zailani. Sunan ya zauna.

"To duba mana tamu," Kalilu ya ce, ya miƙa tasa. Shekara shida yana riƙe da ita.

Anwar ya juya ta, ya kankare tsatsa da farce, ya fara murmushi.

"Yaya Kalilu, wa ya sayar maka da wannan?"

"Me ya same ta?"

"Gangar jikin daga Kanada take, ga haruffa biyu a manne. Sakatar kuma Amurka, ga harafi a cikin akwati. Gidan harsashin ma na wata ce daban. Tsince-tsince aka yi aka haɗa. Wallahi kayan gwanjo ne."

Zailani ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gwanjo! Shekara shida kana yi mana fankama da gwanjo!"

"Ta taɓa ba mu kunya?"

"Ba ta da laifi, Yaya," in ji Anwar. "Sakatarta dai ta cinye. Ta saba da gidanta, shi ya sa take tafiya."

Ranar Anwar ya sa magagari ya goge lambar jikin bindigogin biyu. Kalilu yana zaune yana kallo. Da aka zo kan Mai Kambi, ya lura Anwar ya tsallake wasu ƙananan lambobi a bayan hannun sakatar.

"Waɗannan fa?"

Anwar ya shafa su da babban yatsa. "Da su Baba ya koya mini karanta lamba tun ban shiga makaranta ba. Bar su. Wannan bindigar ba za ta bar hannuna ba."

"In ta bari fa?"

"In ta bari, an gama da gidanmu. Tana cikin tsohon littafin hukuma da sunan Baba."

Ya faɗa yana dariya. Kalilu bai yi dariya ba. Ya adana maganar.

Daga nan tsire ya koma hannun Anwar. Shawara ta koma, "Anwar, me ka gani?" Bayan babur ɗin Oga ya zama na Anwar. Kalilu ya yi ta lissafi a ransa: yaro ne, bai taɓa harbin ko kare ba, bai taɓa kwana a bayan kanta ba, abin da ya iya kawai shi ne karanta ƙarfe. To bari ƙarfen ya karanta shi.

Safiyar Lahadin, Zailani ya aiki Anwar sayen fetur, shi kuma ya zaga bayan rumbu. Kalilu ya kwance tsumman Mai Kambi. Ya zare sakatarta, ya zare tasa, ya musanya. Tasa ta shiga Mai Kambi tana lilo kaɗan. Ya mayar da tsumman, ya ɗaure yadda ya same shi. Duka bai kai minti biyu ba.

Dabarar mai sauƙi ce. 'Yan sanda su tsinci bindiga, su karanta lamba, su je Dutsi su ɗauke Anwar a gidan ubansa. Shi da Zailani su tsallaka iyaka, su dawo su biyu kamar da.

*

Litinin da hantsi bindigar tana kan teburin Sufeto Abdulmuhaimin, mai kula da ma'ajiyar makamai, wanda saura wata huɗu ya yi ritaya. Kofur Zulfa ce ta kawo ta.

"Yallaɓai, direban ya cika tun kafin a kai shi asibiti. Alhajin ya ce ba zai gane kowa ba. Wannan kaɗai muke da ita, kuma sun goge lambar."

"Sun goge wadda suka sani."

Ya ɗora tabarau, ya jiƙa tsumma da kananzir, ya bi ƙarfen gaɓa-gaɓa. Ya ɗauko alli ya goga a kan tambarin, ya hure. Haruffan suka fito fari fat.

"Kofur, me kika gani nan?"

"Haruffa biyu a haɗe."

"Kanada. Nan fa?"

Ta sunkuya kan sakatar. "Kamar hular sarauta."

"Kambi. Ingila. Dubi jikin, duk tsatsa, an yi shekaru ba a ba ta mai ba. Dubi sakatar, tana walƙiya. Wanda ya riƙe wannan sakatar yana sonta. Wanda ya riƙe wannan jikin bai san darajar ƙarfe ba. Ba mutum ɗaya ba ne." Ya juya hannun sakatar, ya goga alli. Lambobi biyar suka bayyana, da harafi a gabansu.

"Yallaɓai, mantawa suka yi?"

"Mai goge lamba da kyau haka ba ya mantuwa. Wani ne ya sa mana ita a hanya. Ɗauko mini tsofaffin littattafan rajista, na can ƙasan kabad."

Sai bayan azahar suka same ta, a littafi na huɗu, da rubutun alƙalami da ya fara dushewa. Sadiq Audi, maƙeri, Dutsi. Gado daga mahaifinsa.

Sufeton ya cire tabarau. "Na san shi. Shi ya taɓa gyara mini ƙotar bindiga bai karɓi ko sisi ba."

*

Talata Sufeto da Kofur suka sami Malam Sadiq a maƙera, yana hura zuga. Ya ga kakin, ya ga abin da Sufeto ya ciro daga aljihu, ya saki zugar.

"Malam, ka san wannan?"

Tsohon ya karɓa. Bai ko dubi lambar ba, yatsansa ya gane ta.

"Ina sauran jikinta?"

"Abin da muka zo tambayarka ke nan."

"Wata biyu ke nan na buɗe akwati na tarar babu."

"Ba ka kai rahoto ba."

"Wa zan kai ƙara, Sufeto? Mutum biyu ne suka san inda makullin yake. Ni da ɗana."

"An kashe mutum ranar Lahadi, Malam. Yana da mata da 'ya'ya uku."

Malam Sadiq ya zauna a kan turmi. Ya daɗe yana juya sakatar a hannu.

"A cikin wace bindiga kuka same ta?"

"Wata ruɓaɓɓiya, 'yar Kanada."

"To ta waccan tana cikin tawa." Ya miƙe da sauri. "Sufeto, in tsohuwar sakata ce aka cusa mata, ba za ta riƙe harsashi daidai ba. Duk wanda ya harba, wutar fuskarsa za ta dawo. Anwar ne yake riƙe da ita!"

"Ina yake?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba." Sai ya tuna. "Akwai tsohuwar gonata a hanyar Daura. Bana ban noma ta ba. Kwanaki wani makiyayi ya ce mini yana ganin sawun babura a wajen rumbun."

Kofur Zulfa ta rubuta. Ranar aka ajiye mutum biyu cikin kayan gida a gonar da ke maƙwabtaka, suna ciyawa.

*

Kalilu ya kwana uku a Daura yana jiran labari. Bai ji an kama kowa ba. Sai ran Talata ya tuna: Anwar bai koma gida ba, yana Kongolam tare da Oga, suna cin abinci a kwano ɗaya. Ya yi tunanin ƙin zuwa gonar. Amma in bai je ba, su biyu za su raba jakar, su biyu za su yi shawara, kuma babu wanda zai tambayi inda yake. Ya je.

Laraba da azahar ya tarar da su a inuwar rumbu. Zailani sanye da sabuwar hula, Anwar ma da irinta.

"Gwanjo ya iso! Gwiwa ta warke?"

Anwar ya jawo Mai Kambi daga rumbu, ya zauna, ya fito da 'yar kwalbar mai. Ya kwance tsumman.

Hannunsa ya tsaya.

Ya kai fuska kusa. Ya kankara da farce. Harafi a cikin akwati.

"Wannan ba sakatata ba ce."

"Me ka ce?" in ji Zailani.

"Ta Amurka ce, Oga. Ta bindigar Yaya Kalilu ce." Ya ɗago kai. "In tasa tana nan, tawa tana cikin wadda ya yar. Da lambar Baba a jiki!"

Zailani ya juya a hankali.

"Kalilu."

Wata biyu ke nan rabon da ya kira shi da sunansa.

"Ƙila wajen shafa mai aka haɗa su—"

"Kai ka taɓa shafa wa bindiga mai?" Anwar ya miƙe. "Me Baba ya yi maka? Tsoho ne! Ko sunanka bai sani ba!"

"Kai me na yi maka da ka zo ka zauna a wurina?" Kalilu ya fizge hannun riga, ya nuna tabon. "Oga, dubi! Wa ya tare maka wannan? Shi? Shekara tara! Yaro ya zo da katako mai sheƙi, shi ke nan na zama abin dariya! Hula ma—ko hula ba ka sayo mini ba!"

"Saboda hula ka sayar da mu?" in ji Zailani.

"Shi kaɗai na nufa! Mu biyu mu koma yadda muke—"

"Wawa! Ka san gonar wa muke tsaye a ciki?" Anwar ya ce. "Ta Baba ce!"



Zailani ya zaro 'yar bindigarsa ta hannu, ya saita goshin Kalilu. Ya ja kunama—ƙyas! Babu komai. Harsashinta na ƙarshe yana wuyan Yelwa.

Sai lasifika ta tashi daga bakin gona.

"'Yan sanda ne! An kewaye ku! Ku zubar da makamai, ku ɗaga hannu!"

Gero ya motsa ta gabas. Ya motsa ta arewa. Wata tsohuwar murya ta biyo, ba lasifika: "Anwar! Ni ne! Kada ka harba ta! Don Allah kada ka harba ta!"

"Baba!"

Zailani ya yi wurgi da ta hannun, ya fizge Mai Kambi daga hannun Anwar.

"Oga, a'a! Sakatar—"

"Matsa!"

"Oga, ajiye ta!" Kalilu ya yi tsalle. "Ni na san abin da na sa mata!"

Zailani ya sa masa gindin bindigar a ƙirji, ya kayar da shi. Ya ja sakata, ya tura, ya ɗora kunci a kan katako, ya saita inda geron yake motsi.

Ƙarar ba irin ta mak-fo ba ce. Wuta da hayaƙi suka fito ta baya. Zailani ya yi ihu, ya dafe idanu da hannu ɗaya, ya miƙe tsaye yana juyi, bindigar tana ɗaya hannun, bakinta yana yawo ta ko'ina.

Tau! Tau!

Harbin 'yan sanda ya same shi, ya zube a jikin rumbu.

Anwar ya riga ya durƙusa, hannuwa a sama, yana kiran ubansa. Kalilu ya rarrafa, ya ɗago kan Zailani ya ɗora a cinyarsa. Fuskar ta ƙone, idanun ba sa buɗuwa. Jini yana fita ta ƙirji wuri biyu.

"Oga, ga ni. Ina nan. Ban tafi ba."

Hannun Zailani ya lalubo, ya kama damtsensa, daidai kan tabon. Ya riƙe gam.

"Anwar," ya ce. "Anwar, kai ne?"

Hannun ya saki.

*

An mayar wa Alhaji Nu'uman jakarsa ba a ko buɗe ta ba. Bai sake bin yanke ba. Matar Yelwa ta kwashe 'ya'yanta uku ta koma gidan iyayenta a Sandamu. Malam Sadiq ya yi kwana goma sha ɗaya a tsare saboda shirun da ya yi. Da ya fito ya rufe maƙerar, ya sayar da zugar. An binne Zailani ran Alhamis, mutum shida a jana'izar.

Kafin a kai bindigogin kotu, Sufeto Abdulmuhaimin ya mayar wa kowace sakatarta, ya ɗaura musu takarda. Ta Mai Kambi ta shige sulɓ, ba ƙara.

Anwar da Kalilu suna gidan yari ɗaya, suna jiran hukunci. Ba sa magana. Anwar yana gyara wa gandirobobi makullai da famfo, har sun fara kiransa Injiniya, suna ajiye masa shayi. Kalilu yana zama a gindin katanga yana kallo.

Wani sabon fursuna ya tambaye shi inda ya samo tabon damtsensa.

"Wani na tare wa," in ji Kalilu.

"Ya gode maka?"

Kalilu ya sauke hannun rigarsa.